Kafin a ba wakilin kwamfuta ikon goge rukuni a kasafin kuɗi

Tun daga watan Nuwamban 2024, lokacin da kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP wadda ke ba manhajojin ƙirƙirarriyar basira damar shiga wasu manhajoji su yi aiki a cikinsu, masu rubuta manhaja suka duƙufa wajen gina irin wannan haɗi zuwa kusan duk abin da mutum ke amfani da shi a kwamfuta, kuma ba a bar manhajojin kasafin kuɗi a baya ba. Yadda abin yake shi ne, a jera wa wakilin, wato manhajar basirar da ke aiki a madadin mutum, ayyukan da aka yarje masa ya kira: ya karanta ma'amaloli, ya sanya kowace a rukunin da ya dace da ita, ya buɗe sabon rukuni, ya sauya wa tsoho suna, sannan a ƙarshen jerin, kusan kullum, sai a ga aikin goge rukuni. Galibi shi ne mafi gajarta a cikinsu, domin abin da yake nema bai wuce lambar rukunin da za a goge ba, bayanin da aka rubuta masa kuma jimla ɗaya ce tak. A ganina wannan ɗan aikin ya fi duk sauran cancantar a zauna a yi masa dogon nazari, kuma abin da ya sa na ce haka yana cikin abin da rukuni yake ɗauke da shi.

Manhajoji irin su YNAB, wadda Jesse Mecham ya faro a 2004 a matsayin jadawalin lissafi na gidansa, da Actual Budget, wadda James Long ya rubuta kuma ya buɗe lambobinta ga kowa a 2022, an gina su ne a kan tsarin ambulan. Duk kuɗin da ya shigo hannu sai an raba shi zuwa rukunai kafin a taɓa shi: wannan na cefane, wannan na haya, wannan na makarantar yara, wannan na mai da gyaran mota. Saboda haka rukuni yana riƙe da abubuwa da yawa a lokaci guda. Yana riƙe da adadin da aka ware masa a kowane wata tun ranar da aka buɗe shi, da ragowar da ke tsallakawa daga wata zuwa wata, da duk ma'amalolin da aka taɓa jingina masa, da dokokin da ke cewa idan kuɗi ya fita zuwa wurin wane a saka shi nan, da biyan kuɗin da aka tsara zai riƙa fita da kansa, da kuma burin da aka kafa na tara wani adadi zuwa wata rana. Wanda ya ce a goge rukuni ya tayar da tambaya a kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ko ya sani ko bai sani ba.

Masu manhajojin ba su ba da amsa iri ɗaya ba. A YNAB, idan rukunin yana da tarihi, ba za a bar mutum ya goge shi ba sai ya zaɓi wani rukunin da za a mayar da ma'amalolinsa da kuɗin da aka ware masa da ragowar da ke ciki. Actual ma haka take yi a allonta, kuma ba ta yarda a zuba rukunin kuɗin shiga a cikin rukunin kuɗin fita. Firefly III, wadda James Cole ya rubuta, ta bi wata hanya dabam, domin tana goge rukunin ta bar ma'amalolin yadda suke, sai dai sun zama marasa rukuni. GnuCash, inda asusu ne ke matsayin rukuni, tana tambaya ko a mayar da ma'amalolin wani asusu ko a goge su gaba ɗaya. Su kuwa manhajojin da akantoci ke aiki da su a kamfanoni sun fi tsanani: a QuickBooks Online ba a goge asusu daga jerin asusu, dakatar da shi ake yi, a Xero kuma asusun da aka riga aka yi ma'amala da shi ajiye shi ake yi a ma'ajiya. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya nuna cewa wakilin da aka ce masa ya goge rukuni ba zai iya sanin sakamakon aikinsa daga sunan aikin ba, sai idan wanda ya gina haɗin ya rubuta masa shi dalla-dalla.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kariyar take zaune. Tambayar nan da manhaja ke yi wa mutum, ta ina za a kai ma'amalolin nan, a lokuta da yawa a cikin allo aka gina ta, wato a ɓangaren da ɗan Adam ke gani ya latsa. Wakili ba ta allo yake shiga ba. Yana bi ne ta ƙofar da masu manhaja ke kira API, wadda aka tanada tun asali domin masu rubuta manhaja da aka ɗauka sun san abin da suke yi kuma sun karanta bayanin kafin su taɓa komai. A Actual, alal misali, aikin goge rukuni na wannan ƙofa yana karɓar lambar rukunin da za a mayar da kaya cikinsa, amma bai wajabta a ba da ita ba. Wannan ba laifi ba ne ga wanda ya zauna ya rubuta shirinsa da hannu ya gwada shi. Amma idan aka ɗauko aikin yadda yake aka miƙa wa wakili, an cire tambayar da ke tsayar da mutum ya yi tunani, ba a kuma sa wani abu a madadinta ba.

Mu ɗauki misalin magidanci da ke da rukuni mai suna Ragon Layya. Kowane wata yana ware masa naira 25,000, ba ya kuma taɓa kuɗin sai Babbar Sallah ta ƙarato. A watan Fabrairu, bayan wata takwas yana tarawa, rukunin yana riƙe da naira 200,000, amma ma'amala ta ƙarshe da aka yi a cikinsa ta tun watan Yunin bara ce, ranar da ya biya naira 300,000 a kasuwar dabbobi. Sai wata rana ya duba ya ga rukunansa sun yi yawa, ya rubuta wa wakilin cewa ya share masa waɗanda ba a amfani da su. Wakilin zai yi abin da ya ga ya dace da hankali: ya jawo ma'amalolin wata uku ko shida da suka wuce, ya ƙirga nawa ne suka faɗa kowane rukuni, ya ware waɗanda ba su samu ko ɗaya ba. Ragon Layya yana cikinsu, tare da kuɗin haya idan a shekara ake biya kamar yadda aka saba a garuruwanmu, da sabunta takardun mota, da ɗinkin Sallar yara, da abin da ake warewa domin taki idan damina ta kama. Ko da wakilin ya yi dabarar kwatanta wata da takwaransa na bara, lissafin zai iya ruɗa shi, domin Sallah tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara a kalandar Miladiyya: a 2024 ta kama 16 ga Yuni, a 2025 ta kama 6 ga Yuni, a 2026 kuwa lissafi ya kai ta ƙarshen Mayu.

To, a ce manhajar ta tilasta a zaɓi inda za a mayar da kayan, wakilin kuma ya duba ya ga nama abinci ne, sai ya zaɓi Cefane. Daga wannan lokaci abubuwa uku sun sauya. Naira 200,000 ɗin da aka tara sun shige cikin ragowar cefane, uwargida ta buɗe wayarta ta ga akwai yalwa a rukunin da kullum ake takatsantsan da shi, kuma ba ta da wani dalilin da zai sa ta yi shakka. Rahoton bara ya koma yana nuna cewa a watan Yuni gidan ya ci cefanen da ya haura na sauran watanni da naira 300,000. Matsakaicin cefane na wata, wanda shi ne manhajar da wakilin za su dogara da shi wajen ba da shawarar abin da za a ware a gaba, ya ƙaru da naira 25,000 ba gaira ba dalili. Idan kuma manhajar irin wadda ke barin ma'amaloli babu rukuni ce, to sayen ragon ya koma cikin tarin abubuwan da ba a tantance ba, inda wakilin da kansa zai iya zuwa gobe ya yi hasashen wani rukunin ya saka shi.

Duk wannan yana faruwa ne ba tare da ko kwabo ya ɓace ba, kuma nan ne haɗarin yake. Idan magidancin ya daidaita lissafin manhaja da na banki a ƙarshen wata zai ga komai ya yi daidai cif, domin jimillar kuɗin ba ta motsa ba. Abin da ya lalace shi ne sanin wane kuɗi na mene ne, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa yake wahalar riƙe kasafi tun farko. Mai yiwuwa ba zai lura ba sai watan Afrilu, lokacin da ya je duba nawa ya tara domin rago ya tarar babu rukunin, an kuma riga an ci wani abu daga kuɗin. A lokacin ma gyaran ba mai sauƙi ba ne. Sake buɗe rukuni mai suna iri ɗaya ba ya dawo da tarihinsa, domin sabon yana da sabuwar lamba kuma babu ma'amalar da ke jingine da shi. Sai an bi ma'amalolin ɗaya bayan ɗaya an tsince su daga cikin cefane, kuma duk wanda ke cire kuɗi a wurin mai POS ya je kasuwa da su a aljihu ya san cewa layin da banki ke rubutawa ba ya nuna ko rago aka saya da su ko buhun shinkafa. Rukunin da mutum ya saka da hannunsa a ranar shi kaɗai ne shaidar, shi ne kuma aka goge.

Akwai wasu hanyoyin kuskuren da ba sa buƙatar dogon bayani. Mutum da suna yake kiran rukuni, manhaja kuwa da lamba, kuma ba abin mamaki ba ne a samu Gyara a ƙarƙashin Mota a kuma samu wani Gyara a ƙarƙashin Gida, wakili ya ɗauki wanda ya fara gani. Intanet kan yanke bayan an aika umarni kafin amsa ta dawo, wakilin ya ɗauka aikin bai yiwu ba, ya sake jawo jerin rukunai, ya ga wanda sunansa ya yi kama da na farko ya goge shi ma. Sannan akwai batun cusa umarni a cikin rubutun da wakili ke karantawa, matsalar da mai rubuta manhaja Simon Willison ya raɗa wa suna prompt injection a Satumban 2022. Bayanin da ke biye da kuɗin da aka turo wa mutum, wanda ya turo ne ya rubuta shi, wakilin kuma yana karanta shi a matsayin wani ɓangare na aikinsa, saboda haka duk wanda ya san lambar asusun mutum yana da hanyar sanya rubutu a gaban wakilinsa.

Ƙa'idar MCP ba ta yi shiru a kan wannan ba. A gyaran da aka yi mata a watan Maris na 2025 an ƙara alamomin da mai gina aiki zai iya liƙa masa domin nuna halinsa, daga ciki akwai readOnlyHint ga aikin da karatu kawai yake yi, da destructiveHint ga wanda zai iya rushe abin da ke akwai. Ƙa'idar ta kuma ce ya kamata a samu ɗan Adam a tsakani wanda zai iya hana a kira aiki. Wannan ci gaba ne, amma ita kanta ƙa'idar ta bayyana cewa alamomin nuni ne kawai, ba tabbaci ba. Alamar ba ta hana komai da kanta. Iyakarta ta sa manhajar da mutum ke hira da ita ta fito da akwatin neman izini. Akwatin kuwa sau da yawa sunan aikin yake nunawa da wata doguwar lamba mai haruffa da alƙaluma wadda babu mai iya gane rukunin da take nufi. Wanda aka nuna wa irin wannan akwati sau goma a jere zai latsa amincewa ido rufe, ko ya zaɓi a daina tambayarsa gaba ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba, domin ba a ba shi abin da zai yi hukunci da shi ba.

Rubuta wa wakili gargaɗi cewa kada ya goge komai sai ya tambaya shi ma bai wadatar ba. A watan Yulin 2025, Jason Lemkin, wanda ya kafa kamfanin SaaStr, ya bayyana yadda wakilin Replit, wani dandalin rubuta manhaja, ya goge rumbun bayanan da yake aiki da shi duk da umarnin da ya ba shi na kada a taɓa komai, sannan wakilin ya gaya masa ba za a iya dawo da bayanan ba, alhali da ya gwada sai suka dawo. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya ce abin bai dace ya yiwu ba sam, kuma gyaran da ya sanar shi ne raba rumbun gwaji da rumbun aiki, ta yadda wakilin ba zai ma kai ga wurin ba. Darasin da na ɗauka biyu ne: umarnin baki ba ya maye gurbin katanga, sannan abin da wakili ya faɗa game da sakamakon aikinsa ba hujja ba ce, dole manhajar ce za ta faɗa.

Saboda haka, da ni ne ke gina irin wannan haɗi, aikin da zan fara miƙa wa wakili shi ne ɓoye rukuni. YNAB da Actual duk suna da shi, kuma yana biyan buƙatar mafi yawan waɗanda suka ce a share musu kasafi, domin abin da ke damunsu cunkoson da ke gaban idonsu ne, ba tarihin da ke kwance a baya ba. Rukunin da aka ɓoye yana nan da ma'amalolinsa da lissafinsa, rahoton bara bai sauya ba, kuma latsawa ɗaya ke dawo da shi. Ɓoyewa ma tana da nata tarko, domin rukunin da aka ɓoye yana ci gaba da riƙe kuɗin da ke cikinsa, mutum ya manta da su har ya riƙa jin ƙunci alhali yana da ajiya. Don haka ko wannan aikin ya kamata ya dawo da amsa mai cewa an ɓoye rukuni kaza kuma akwai naira kaza a cikinsa, domin wakilin ya isar wa mai kuɗin.

Gogewa ta gaskiya kuwa zan raba ta mataki biyu. Matakin farko ba ya sauya komai, lissafi kawai yake kawowa: sunan rukunin da sunan babban rukunin da yake ƙarƙashinsa, yawan ma'amalolinsa da ranar ta farko da ta ƙarshe, ragowar da ke ciki, watannin da aka ware masa kuɗi, dokoki da biyan da aka tsara waɗanda ke dogara da shi, da kuma yadda rukunin da za a zuba su zai koma bayan an gama. Wannan lissafin ne ya kamata ya fito a gaban mutum da harshen da yake ganewa, kuma daga manhajar zai fito kai tsaye, ba taƙaitawar wakili ba. Mataki na biyu ba zai yi aiki ba sai an kawo masa shaidar da matakin farko ya bayar, shaidar kuma ta mutu bayan 'yan mintuna, ko da zarar wani abu ya sauya a rukunin. Rukunai goma na nufin amincewa goma. Kafin a goge, manhajar ta ajiye jerin lambobin ma'amalolin da aka motsa da adadin da aka ware a kowane wata, domin da wannan jerin kaɗai ake iya warware cakuɗar idan an yi nadama. Wannan ya ƙara muhimmanci a manhajar da ke daidaita bayanai tsakanin waya da kwamfuta, inda gogewar da aka yi a wuri ɗaya ke isa duk na'urorin gidan da zarar sun hau intanet.

Na san akwai mai cewa idan sai an yi duk wannan, to ina amfanin wakilin, tunda an ɗauko shi ne domin ya rage wa mutum aiki. Maganarsa tana da ƙanshin gaskiya, kuma akwai rukunan da ban ga dalilin a tsayar da kowa a kansu ba. Wakilai da kansu sukan buɗe rukuni sau biyu bisa kuskure, mutum ma yakan buɗe ɗaya domin gwaji ya manta da shi. Rukunin da ba a taɓa jingina masa ma'amala ba, ba a taɓa ware masa ko sisi a kowane wata ba, babu doka ko tsararren biya da ke ambatonsa, to a bar wakili ya goge shi salin alin. Sharaɗina kawai shi ne, manhajar ce za ta duba waɗannan abubuwa a cikin dukan tarihin, ba wakilin ne zai yi hasashe daga watannin da ya ga dama ya karanta ba. Aikin da wakili ke rage wa mutum da gaske yana cikin tantance ɗaruruwan ma'amaloli da gano inda aka wuce gona da iri, kuma wannan ana yin sa kullum. Goge rukuni mai tarihi abu ne da bai fi a yi shi jefi-jefi a shekara ba, saboda haka minti biyun da mutum zai ɓata yana karanta lissafi ba su ne za su mayar da wakilin marar amfani ba.

Ga mai ƙaramar sana'a da ke riƙe lissafin shagonsa a irin waɗannan manhajoji, batun ya wuce na jin daɗin gida. Akantoci sun daɗe da al'adar cewa abin da ya shiga littafi ba a kankare shi, idan an yi kuskure sai a rubuta wani layi da ke warware na farko, duka biyun su tsaya domin mai bincike ya ga abin da ya faru. A Birtaniya ana buƙatar kamfani ya adana bayanan lissafinsa na shekara shida saboda haraji, kuma ƙasashe da yawa suna da doka makamanciyar wannan. Wanda ya miƙa rahoton shekara yana cewa ya kashe kaza a sufuri, sannan wakili ya zo daga baya ya zuba Sufuri a cikin Sauran Kashe-kashe, ya wayi gari littafinsa ba ya goyon bayan takardar da ya sa wa hannu. A irin wannan wuri ba zan saka aikin gogewa a jerin da wakili ke gani ba kwata-kwata.

Saura abin da aikin zai ce idan ya ƙi. Wakili yana karanta saƙon kuskure ya yi aiki da shi, kuma idan aka ce masa kawai aikin bai yiwu ba, zai nemi wata hanya: ya kwashe ma'amalolin ɗaya-ɗaya zuwa wani rukuni, ya mayar da kuɗin da aka ware zuwa sifili, sannan ya dawo ya goge rukunin da yanzu ya zama fanko, ya kuma ba da rahoto cewa ya kammala. Shi ya sa dole binciken ya duba ko rukunin ya taɓa samun tarihi, ba ko yana da shi a wannan lokaci ba, kuma dole saƙon ya faɗi dalili da mataki na gaba ƙarara. Ya ce rukunin Ragon Layya yana riƙe da naira 200,000 kuma an ware masa kuɗi a wannan watan, ba za a goge shi ba sai mai kasafin ya ga lissafin ya zaɓi inda za a mayar da su da kansa, kada a kwashe ma'amalolinsa domin kauce wa wannan sharaɗi, idan kuma rage cunkoso ake so, ga aikin ɓoyewa.